Tabarmar Tarwaɗa

Ranar Litinin

Zuwa ga 'yar ƙanena, malamar asibitin gobe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida malamanku da duk wanda ke kwance a hannunku, Allah ya tashi kafaɗunsu. Ya karatu, ya kuma tsayuwar nan da kika ce tana kumbura miki ƙafafu? Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ke ƙirga mini shekaruna duk lokacin da na sunkuya kan duro. Kunnen ma yana nan yadda kika bar shi, saboda haka kada ki wahalar da kanki da waya, ke kina ihu ni ina "iye". Direban da ke kawo mini kananzir ya ce duk Alhamis yana wucewa ta ƙofar makarantarku, Litinin kuma yana nan wurina. Ni kuwa tunda na sha wahalar makarantar manya har na iya rubutu, ba zan bar shi ya yi tsatsa ba.

To, albishirinki. 'Yarki ta daina fitsarin kwance. Yau kwana tara cif tabarma tana tashi a bushe yadda aka shimfiɗa ta. Yarinyar da muka laƙaba wa Tarwaɗa don kullum a cikin ruwa take wayar gari, ga ta nan ta fito tudu. Sunan dai ya riga ya bi ta, ba yadda za a yi da shi.

Ba ki san irin wahalar da na sha da tabarmar nan ba a wata huɗun da kika bar mini yarinyar. Kullum sai na wanke, na zagaya bayan shago na shanya a lungu don kada Mai Keke ta gani. Kin dai san maƙwabciyar tawa, ɗinkinta ba laifi amma bakinta ba shi da murfi. Ran nan har cewa ta yi wai shekara huɗu da rabi, 'yar malamar asibiti guda, amma har yanzu? Jiya ta leƙo tana tambayar ina tabarma, kwana biyu ba ta ji ɗuriyarta ba. Na ce mata tabarma ta yi ritaya.

Kada ki zaci wani magani na saya. Dabarar nan ce dai ta da: daga la'asar ba ruwa. Na ɗauke moɗa daga bakin randa na ɗora a kan kabad. Kwana biyun farko ta yi ta bi na da "Gwaggo ƙishi, Gwaggo ƙishi", na juya mata kunnen da dama ba ya ji. Yanzu ta saba, da rana ma ba ta cika nema ba. Sau biyu take hawa fo a yini, ɗan kaɗan, shi ke nan. Ga zafin nan da ake zabgawa, wanda ko kananzir sai ya ragu in na manta murfi, amma ita ko a jikinta. Haka na yi wa babanki, Allah ya jiƙansa, haka na yi miki ke ma, ga ki nan kina shirin sa fararen kaya.

Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu. Mako shida ya rage jarrabawarku. Ina so in ji an kira sunanki a gaba-gaba, in je in zauna a shagon Mai Keke in ba ta labari har zarenta ya ƙare.

Ni ce gwaggonki mai kananzir.

Ranar Alhamis

Gwaggona,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ina dariya ni kaɗai, har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya. Ina nan ƙalau, ƙafar ma da sauƙi tunda na canza takalmi. Sannu da gwiwa, ki rage jan duro ke kaɗai. Sannu kuma da ɗawainiyar Tarwaɗa, Allah ne kaɗai zai iya biyanki.

Amma Gwaggo, da na zo kan maganar sau biyu a yini, dariyar ta tsaya. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata guda ke nan aka tura ni ɗakin yara, kuma rabin aikinmu a can awon fitsari ne. Jikin kowane gado akwai takarda, ana rubuta abin da yaro ya sha da abin da ya fitar. Sistar da ke kula da mu takan ce ƙoda ba ta da baki, da fitsari take magana.

Ga yadda abin yake, da irin awonki na kwata huɗu a lita. Babban mutum mai lafiya, daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, yakan fitar da tsakanin kwata uku da 'yan kai zuwa lita biyu, gwargwadon abin da ya sha da gumin da ya yi. In ko kwata biyu bai kusa cikawa ba, sai a nemi dalili. Yaro kuwa da nauyinsa ake lissafawa: kowane kilo ɗaya, mililita ɗaya a kowace awa, wannan shi ne mafi ƙaranci. Mililita biyar ne cike da cokalin shayi. Tarwaɗa kilo goma sha biyar na bar ta, ke nan bai kamata ta yi ƙasa da kwata ɗaya da rabinta a yini da kwana ba, kuma mai lafiya irinta takan haura rabin lita. Jariri ba a iya tara nasa a gida, kunzugu ake ƙirgawa, a ƙalla shida a jiƙe. Launi ma yana magana. Mai haske shi ne daidai, in ya yi duhu yana wari, jiki na neman ruwa.

Fitsarin kwance a shekarunta ba ciwo ba ne, yara da yawa sai sun wuce biyar suke bari. A rage mata ruwa dab da kwanciya ba laifi, amma daga la'asar, a cikin wannan zafi, ya yi yawa. Tabarmar ta bushe ne don yarinyar ta bushe. A nan muna ganin yaran da ake kawowa daga hannun tsofaffin da ba su sani ba, wani sai a nemi jijiyar da za a sa masa ruwa a rasa.

Don Allah ki sauko da moɗar, ki bar ta ta sha duk sanda ta nema. Sannan ki auna mini fitsarinta na kwana ɗaya. Ki zubar da na farkon safiya, ki tara duk wanda ya biyo baya har da na farkon safiyar washegari, ki rubuto mini nawa ne.

Ki shafa mini kanta.

'Yarki.

Ranar Litinin

Zuwa ga Malama Likita,

Salam. Muna lafiya. 'Yarki ta ɗan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kwana uku, ya wuce da kansa, tana wasanta.

Na ga takardarki. Na karanta sau uku Direba yana sauke duro, don mu tsofaffin da ba su sani ba ba ma gane abu a karo ɗaya. Yara bakwai suka tashi a hannuna, uku nawa, huɗu na 'yan'uwa, har da ke da aka kawo mini kina wata goma sha ɗaya, kanki duk ƙuraje. Ba wanda aka nemi jijiyarsa aka rasa. Ashe duk a cikin duhu nake ta lalube, sai yanzu da kika yi wata guda a ɗakin yara aka kawo mini fitila.

Maganar awo kuwa, shekara talatin ina riƙe da gwangwanin awon kananzir ɗin nan. Unguwar nan kaf ba wanda ya taɓa dawowa ya ce litata ba ta cika ba. Ranar da masu duba ma'auni suka zo, nawa suka ɗaga suka nuna wa sauran masu shago. Shi kike so in zuba wa najasa? Gobe wa zai karɓi man da zai kunna a ɗakinsa daga hannuna?

In kina ganin 'yarki tana cikin haɗari a wurina, motar Direba tana da kujera. Ki faɗa masa kawai, in haɗa mata kayanta.

Tsohuwa mai kananzir.

Ranar Alhamis

Gwaggona, uwata,

Ina gaishe ki a durƙushe. Ina fata wannan ta same ku lafiya, ta kuma sami zuciyarki ta ɗan huce.

An ce baki shi ke yanka wuya, ashe alƙalami ma haka. Wallahi ba ke nake nufi ba. A makon da na rubuto miki an kawo mana wani yaro ɗan shekara uku, kakarsa ta goyo shi daga nesa. Gudawa ya yi kwana huɗu, ita kuma ta hana shi ruwa don a tunaninta ruwan ne ke ƙara masa. Son sa take yi kamar ranta. Ni aka sa na riƙe hannunsa ana neman jijiya. Ya rayu, amma kwana biyu ina leƙa robar fitsarinsa ba ko ɗigo. Da wannan a idona na karanta takardarki, sai na ga fuskar Tarwaɗa a kan gadon nan. Tsoro ne ya yi rubutun, ba raini ba.

Ban manta wadda ta raine ni ba. Ban manta ina 'yar shekara shida ina tsaye a gefenki, kina tsiyaya lita kina hira da mai saye, ko kallon gwangwanin ba kya yi, amma ki tsaya daidai baki. A ajinmu ni ake kira in kofin awo ya ɓace, in kalli roba in ce kaza ne, a nemo kofi a auna a ga haka ne. Sun ɗauka baiwa ce. Na ce musu gadon gwaggona ne. Abin da ya sa na ce ki auna ke nan, duk duniya ba idon da na yarda da shi kamar naki.

Ba zan aiko a ɗauke ta ba, ba inda ya fi mata hannunki. Gwangwanin sana'a kuma ki bar shi a inda yake, ban yi tunani ba ne. Ruwan dai, Gwaggo. Maƙogwaron nan kuma, ya warke sarai?

Ki yafe mini.

'Yarki da ba ta da wata uwar sai ke.

Ranar Alhamis

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Sau biyu ke nan Direba yana zuwa mini hannu rabbana. Makon jiya ya ce kina lafiya, aiki ne ya yi miki yawa. Yau na tsare shi, yana ba ni amsa yana kallon tayar motarsa. Da na matsa, baki ya suɓuce masa ya ce bai sauke miki duro ba, don shagon a rufe ya same shi.

A iya sanina sau ɗaya shagon nan ya taɓa yini a rufe, ranar da babana ya rasu.

Na kira wayarki ya fi sau ashirin, a kashe. Direba ya rantse mini da idonsa ya ga Tarwaɗa a zaune tana magana, amma ya ƙi faɗin a ina. Rantsuwar nan ce kaɗai ta hana ni shiga motarsa yau. In fushi kike yi, na ɗauka, ki yi har ki gaji, amma ki rubuto mini layi ɗaya a kan yarinyar. Jarrabawa saura kwana goma sha takwas. In ya dawo Alhamis mai zuwa ba takarda, zan biyo shi, jarrabawar ta jira baɗi.

'Yarki.

Ranar Litinin

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Kafin komai, Tarwaɗa tana nan a gabana tana shan lemo tana ɓata mini takarda, ga shaidar yatsanta nan a gefe. Zauna ki yi jarrabawarki. Direba kuwa zai gamu da ni, ƙato guda ya kasa riƙe magana ta kwana huɗu.

Yanzu nemi wuri ki zauna, labarin da tsawo.

Ranar da na aika miki takardar fushin nan ban huce ba. Na ce bari in auna ɗin, in aika mata lissafi ta ji kunya. Akwai tsohon gwangwanin kwata da mariƙinsa ya karye, yana rataye a ƙusa shekara shida, amma awonsa daidai yake. Na wanke shi da toka da sabulu, na ware masa tsohon mazurari, na yi yadda kika ce. Da lokaci ya cika na duba, kwata ɗaya bai cika ba, ga duhu kamar an jiƙa ƙusa mai tsatsa. Ni da na yi niyyar kunyata ki, ga gwangwanina da bai taɓa yi mini ƙarya ba ya koma bayanki. A ranar na sauko da moɗa.

Cikin kwana uku ta haura kwata biyu, ban da rabon tabarma, don ita ma ta dawo daga ritaya. Kullum na auna sai in ja layi da gawayi a bangon bayan ƙofa, dogo kwata, gajere rabinta. A haka takardarki ta ban haƙuri ta same ni. Na karanta, na sha kukana, amma bakina ya yi nauyi. Yaya zan ce wa yarinyar da na yi wa wanka a roba ta fi ni gaskiya? Na ce bari mako ya zagayo tukuna.

Makon bai kai ga zagayowa ba. Ran Asabar na tashi na shafa tabarma na ji ta a bushe. Da wata guda baya ne da na yi murna. Wannan karon gabana ne ya faɗi, don na san kofi biyar ta sha, ni na ba ta da hannuna. Awon ranar kwata ɗaya da ƙyar, launinsa kamar baƙin shayi. Fuskarta ta cika, idanun sun ƙanƙance. Mai Keke ta gan ta ta ce tubarkalla, yarinya ta yi kumatu, zaman gidan Gwaggo ya karɓe ta.

A nan na yi kuskure, kuma da takardarki ta farko na yi shi. Na ɗauko ta na sake karantawa, na ga kin ce in ya yi duhu jiki na neman ruwa. Sai na dinga ɗura mata, tana ƙi ina lallashi. Washegari awo ya faɗo rabin kwata da ɗan kai, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tana riƙe da kai tana cewa ciwo. Na tsaya gaban bango ina kallon layukan nan. Wannan lissafin na san shi. In ka zuba lita guda a mazurari, rabin kwata ya fito ta ƙasa, ba ƙarin zubawa ake yi ba, toshewa aka samu. Na kwafe layukan a bayan kwali, na juye na ranar a kwalba, na ɗauki gwangwani, na goya ta, na sa wa shago kwado.

A asibiti wata mai fararen kaya, sa'arki, ta ga gwangwani da kwali ta rufe baki tana dariya, wai Mama nan ba a sayar da mai. Na ce ta kira mini babbansu. Likitan ya zo, ɗan siriri mai tabarau, ya karɓi kwalin ya tambayi ma'anar dogon layi da gajere. Na yi masa bayanin kwana goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kwalbar ya ce wannan fa nawa ne? Na ce rabin kwata da cokali biyu. Ya yi lissafi ya ce ɗari da talatin da biyar ke nan, ya juye a kofinsu mai layi-layi, ya tsaya a ɗari da arba'in. Na ce ya sa a duba musu kofin.

Ya yi dariya, amma da ya auna jininta dariyar ta ɗauke. Ya ce ya hau, irin hawan da ke sa yaro jijjiga. Ya ce ciwon maƙogwaron nan da na ce miki ya wuce, shi ne ya zagayo ya kumbura mata ƙoda, yakan yi wa wasu yaran haka bayan mako biyu, kuma ba hana ruwan da na yi a baya ne ya jawo shi ba. Wannan na sa ya maimaita da ƙarfi, ta kunnen da ke ji. Sannan ya tara yaransa, har da mai dariyar, ya ɗaga kwalin ya ce, "Yawancin irin wannan sai sun fara jijjiga ake kawo mana su. Wannan ta zo da wuri, saboda baiwar Allah ɗin nan tana awo." Ni dai na gyara mayafina na kalli silin.

Kin san maganin da suka fara yi mata? Hana ruwa. Da hana gishiri. Da ɗan kofi suke auna mata, ba ƙarin ko cokali ɗaya, sai allura da ƙwayoyi. Na ce wa likita ashe dabarar tsofaffin da ba su sani ba tana cikin littafinku. Ya ce tana ciki Mama, sai dai tana da ranarta. Ki rubuta wannan a gefen littafinki.

Takardar jikin gadon nan da kike faɗa, ni suka bar wa ita, ina faɗa suna rubutawa. Kwana uku abin yana tafiyar hawainiya, ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoron da ban taɓa ji ba, ina tunanin da wane baki zan gaya miki. A na huɗu ta cika mini kwata uku. Na ɗaga gwangwanin nan ina ta hamdala. Jiya aka sallame mu, kwananmu bakwai. Kumburi ya saɓe, jini ya sauka, launin ne suka ce zai ɗan jima kafin ya washe. Za mu koma ran Juma'a.

Na hana a gaya miki ne don na san halinki, ga shi kuwa kin nuna. Maganar moɗa kuma kin fi ni gaskiya. Na faɗa sau ɗaya, kada ki nemi in maimaita.

Gwaggonki.

Ranar Alhamis

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida gwangwani. Na gode wa Allah, na gode miki. A ɗakin ajiyar zannuwan gado na ɓuya na karanta, na yi kuka har na ɓata musu guda ɗaya. Yatsan nan na lemo na sumbace shi ban san iyaka ba.

Nawa laifin ya fi naki. Rabin karatu na aiko miki. Na ce in ya yi duhu a ba da ruwa, ban ce in an sha bai fito ba, ga kumburi, a tsaya a ruga asibiti ba. Ciwon nan mun karanta shi, har na ja masa layi da jan biro, na kuma tambaye ki maƙogwaro, amma ban faɗi abin da za ki sa wa ido ba. Ke da ba ki ga littafin ba kika gano sauran rabin a bakin mazurari.

Na kasa haƙuri, na karanta wa Sista wurin kwali da likita. Ta cire tabarau ta ce wace ce wannan? Na ce gwaggona ce, mai sayar da kananzir, ita ta raine ni. Wallahi Gwaggo ban taɓa jin daɗin faɗin wata magana kamar wannan ba. Tana roƙon ki aro mata kwalin ta nuna wa sababbin ɗalibai, waɗanda ke ganin awon fitsari aikin raini ne. Ni kuma gwangwanin nake roƙo, in kin gama da shi.

Kada ku fasa komawa asibiti ko da ta warware, a ci gaba da duba jininta. Gishirin ma a bi yadda suka ce. Zan zauna in yi jarrabawar, tunda kin ce.

'Yarki, 'yar mai kananzir.

Ranar Litinin

'Yata,

Muna lafiya, gwiwa tana amsa gaisuwa. Mun koma ran Juma'a, likita ya ce komai yana tafiya daidai, mu dawo bayan mako biyu. Mai dariyar nan ita ta kawo mini kujera.

Ga kwali nan a hannun Direba. Ki gaya wa Sistarku dogo kwata, gajere rabinta, kuma aro ne. Gwangwani ba zan bayar ba tukuna, yana kan aiki. Ranar da aka kira sunanki ki zo ki karɓa da hannunki, kafin nan na sa maƙeri ya gyara masa mariƙi.

Yau da safe Tarwaɗa ta tsaya a kaina tana sunkuyar da kai, ta ce Gwaggo na sake yi. Na shafa na ji sharkaf, har gefen zanena ya samu rabo. Na ɗaga mata haɓa na ce ba komai, je ki sha ruwa. Na wanke tabarma, na nufi lungun bayan shago kamar kullum, ina isa na tsaya. Sai na juyo na shanya ta a igiyar gaban shago, a bakin titi, dab da allon kananzir.

Mai Keke ta leƙo da zare a baki. "Haba Gwaggo, a idon jama'a? Ba kya jin kunya?"

Na ce, "Kwana bakwai na yi a asibiti ina roƙon Allah ya nuna mini wannan. Bar ta ta sha iska, kowa ya gani."

Ga ta nan tana ɗiga, ni kuma ina zaune a ƙarƙashinta ina rubuto miki. In kin ga wani wuri ya jiƙe a takardar, ruwan wanki ne.

Allah ya ba ki sa'a ran Litinin.

Gwaggonki mai awo.